Furen da Inna Ta Hana wa Ruwa

Bazarar nan ta cika shekara talatin da biyar da muka kai Inna, mahaifiyata, makwancinta. Ta rasu tana 'yar Jihar Sakkwato. Ba ta kai lokacin da aka yanka mana Kebbi ba, ba ta ga wayar hannu ba, ba ta ga tattaɓa-kunnenta da ke cika mini gida da hayaniya yanzu ba. Sunanta ba zai fito a rubutun nan ba. Tana raye ban taɓa faɗarsa ba, ita ma ba ta taɓa kama nawa ba saboda ni ne ɗan fari. Da na fara koyarwa sai ta huta, ta riƙa ce mini Malam, kuma yadda take jan kalmar kowa ya san ba girmamawa ba ce zalla. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in rasa abin da zan faɗa wanda kowane ɗa bai riga ya faɗa a kan uwarsa ba. Bana na yanke shawara zan ba da labarin fure ɗaya, yadda ta kusa kashe shi da ƙauna, da yadda ta cece shi da rowa.

Mu Gungawa ne, mutanen tsibiran da ke tsakiyar gulbin Kwara a ƙasar Yauri. A gungu aka haife ni, ruwa gabas ruwa yamma. Maza suna su, in rani ya yi kowa ya sauka bakin gulbi ya yi lambun albasa. Ban ruwanmu da ƙwarya ne: ka tsaya cikin ruwa har gwiwa, ka kamfata ka watsa, ka kamfata ka watsa, har sai kafaɗa ta daina jin naka. Duk abin da muka sani na alheri da ruwa yake farawa. Baƙo ya sauka, ruwa. Yaro ya yi kuka, ruwa. Shuka ta langaɓe, ba ka tsaya tambayar me ke damunta, ka nemo ƙwarya. Ban taɓa jin wani a gungunmu ya ce ruwa ya yi wa wani abu yawa ba, sai dai in jirgi ne.

A kan gungun, daga arewa, akwai wani dutse mai tsayi, a samansa kuma akwai kariya. Ga wanda bai san ta ba, kariya gajeren icce ce mai kaurin gindi, rassanta masu taushi da ruwa-ruwa, fatarta toka-toka. Da damina tana yin ganye mai sheƙi, in kaka ta wuce ta zubar da shi tas ta tsaya tsirara, ka rantse ta mutu. Sai tsakiyar zafi, lokacin da komai ya ƙone, ta ɓarke da fure, bakinsa ja cikinsa fari. Ruwan jikinta dafi ne, akuya ma ba ta kusantarta. Kakata, mahaifiyar Inna, ita ta hau ta dasa ta tun tana amarya. Masunta da ke dawowa daga nesa, in suka hango jan nan a saman dutse, sai su sassauta tuƙi, sun san sun iso gida.

Da aka gama dam ɗin Kainji aka ce ruwa zai haɗiye gungun, aka kwashe mu zuwa tudu, kusa da Wara a ƙasar Ngaski, aka ba mu gidajen siminti masu rufi a lanƙwashe kamar jirgin da aka kife. Ina ɗan shekara goma sha biyu. Mutane sun ɗauki turmi da taru da tukwane. Kaburbura ba sa ɗaukuwa, na kakata da na mahaifina duk can muka baro su. Ranar tashi Inna ta hau dutsen da wuƙa, ta yanko rassa bakwai daga kariyar uwarta, ta naɗe su cikin jiƙaƙƙen zane, ta rungume su har muka sauka. Bayan wata 'yan kaɗan ruwa ya rufe gidaje, ya rufe itatuwa, daga ƙarshe ya rufe dutsen.

A sabon gari ta nemi wurin da ya fi kowane kyau a tsakar gida, gefen randa, inda inuwa take kuma ƙasa ba ta bushewa. Ta sa aka kawo mata baƙin laka daga bakin tafkin da dam ya tara, ta cuɗa da kashin awaki, ta dasa su. Safe ruwa, yamma ruwa, ko da kuwa sai ta rage na wankanta. Ai icce ne da ya girma a tsakiyar gulbi, duk mun shaida, to me zai so in ba ruwa ba? Suka fitar da ganye, muka yi murna. Can sai ganyen ya yi rawaya, gindin ya yi laushi, in ka danna da yatsa ya lotsa, wari ya taso. Sai Inna ta yanke kan da bai ruɓe ba ta sake dasawa nan take, ta ƙara ruwa, don a ganinta ƙishi ne ya kayar da shi. Haka aka yi ta yi, shekara na bin shekara. Bakwai suka koma biyar, biyar suka koma biyu, kuma ko ɗaya bai taɓa nuna fure ba.

A shekarun nan wata magana ta kama bakin manya, cewa ƙasar nan ba ta karɓe mu ba. Albasa ba ta yin girman ta gungu, kifi ya canza hali, tsofaffi suna ta mutuwa ba wata cuta mai suna. Gidaje suka fara watsewa, wasu suka koma tungayen bakin ruwa suka kafa bukkoki, wasu suka haura Shanga wajen dangi. Inna ba ta tashi ba saboda mu, amma kuma ba ta zauna ba. Ƙorenta na jere, waɗanda kowace mace ke shiryawa a ɗaki don a san nan ne wurinta, suna ɗaure cikin raga a rataye, yadda aka sauko da su daga jirgi. Rannan ta kira ƙanenta, Kawu Bawa, wanda tuƙin jirgi ne sana'arsa, ta miƙa masa farin yadi a naɗe, likkafaninta, ta ce ya ajiye a ɗakinsa. A gabana ta ce masa:

"Bawa, ran da nim mutu, kak ka bari a sa ni ƙasag ga. Ka ɗauke ni ga jirgi, ka ƙetara da ni tudun da ka kallon gungu. Ƙasad da taƙ ƙi iccen uwata, ni ma ta ƙi ni."

Kawu ya yi ta lallashi, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, ya ce tafiyar wuni guda ce da gawa cikin rana. Ba ta saurara ba sai da ya yi alkawari. Tun daga ranar nake kallon tsiron nan da wani ido. In ya mutu, na san uwata za ta ƙarasa kwanakinta tana baƙuwa a gidanta, in ta rasu kuma mu kai ta inda ba mai ziyara sai tsuntsu.

Nan ne ni ma na sa hannu, kuma ba na alfahari da abin da na yi. Na dawo daga kwalejin horon malamai da takardar shaida, da wando mai karin guga, da tabbacin cewa duk matsalar garinmu rashin ilimi ce. Na dubi tsirai biyun da suka rage, na gyaɗa kai irin na masana, na ce abinci ne bai ishe su ba. Na samo takin zamani, na cika tafin hannu na zuba a gindin wanda ya fi lafiya, na bi da bokiti guda. Allah ya sa na bar ɗayan don in gwada mata bambanci. Bambancin kuwa ya fito, kafin mako ya zagayo nawa ya zama kunu. Inna ta tsaya a kansa ta daɗe, sannan ta ce, "Malam, in haka karatunka ka yi ma ɗiyan mutane, Allah shi tsare su." Ba ta sake tayar da zancen ba, amma na fi wata ina cin tuwona a zaure. Saura ɗaya ke nan.

Kwanakin baya na je Yelwa duba ido, na ga masu sayar da furanni sun jera su a bakin titi cikin baƙaƙen ledoji, har da kariya kala-kala, fara da ruwan hoda da wata mai ninki biyu da ban taɓa gani ba. Wani ma'aikaci yana tsaye da tiyo yana yi musu wanka gaba ɗaya, mai so da marar so. Na tsaya ina kallonsa. Da Inna ce, da ta karɓe tiyon nan daga hannunsa ba sallama, ta zaunar da shi ta yi masa karatu. Ni dai na ce masa ya rage wa na gefen hagu, ya dube ni kallon tsohon da rana ta taɓa, na wuce.

Abin da ya juya labarin ya zo ne a shekarar da damina ta gaza sau biyu a jere, tafki ya ja baya fiye da yadda muka taɓa gani. Mun fi shekara goma sha biyar a tudu lokacin. Kawu ya dawo daga tafiya ya ce kan dutsen gungu ya fito. Bai gama rufe baki ba Inna ta ɗauki mayafi. Washegari da hantsi muna cikin jirgi mu uku, ni ina tuƙi a gaba, Kawu a baya, ita a tsakiya. Abin da ya fito bai fi faɗin ɗaki biyu ba, baƙin dutse tsirara, sai kashin tsuntsaye. Ƙarƙashinmu gidanmu ne da makabarta, amma ba abin da ake gani sai koren ruwa. Muka yi wa mamatanmu addu'a. Da muka shafa, Inna ta tattare zane ta taka dutsen, ta nufi daidai inda kariya take a da, kamar jiya ta sauko.

Wurin tsaga ce kawai a jikin dutse. Ta durƙusa ta zura hannu har gwiwar hannu, ta damƙo abin da ke ciki ta buɗe tafinta. Tsakuwa ce da yashi mai kaushi, ba laka ko kaɗan. Ta sake zurawa, ta sake fitowa da irinsa. Sai ta ce in miƙo mata ƙwaryar kwarfe ruwan jirgi. Ta cika ta juye a cikin tsagar, muna kallo ruwan ya ɓace, ya ɓullo ta wani rami a gefen dutse ya koma tafki. Ta ƙara ƙwarya ta biyu, haka. Ta ɗago ta dubi ƙanenta.

"Bawa, wa ka ba ta ruwa, can da?"

"Wa ka hawowa nan da tulu? Ba kowa. Ruwan sama dai, in an yi."

"To cikar gulbi hwa?"

"Cika ba ta taɓa kawowa ko rabin dutsin ga ba."

Ta zauna a kan dutsen mai zafi, hannunta cike da tsakuwa. Duk tsawon rayuwarmu muna hango iccen nan da ruwa kewaye da shi, ba wanda ya taɓa lura cewa saiwarsa ba ta taɓa ruwan ba. A tsakiyar gulbi yake, amma ɗan tudu ne, ɗan rana da ƙishi. Na ga fuskar Inna ta yi wani iri, na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce a hankali, "Ashe ni nik kashe su. Ni da hannuna, shida." Na ce biyar ne nata, ɗaya nawa ne. Ta harare ni, sannan ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta kwance ɗankwalinta ta cika shi da tsakuwar tsagar, muka juyo.

Ko ruwa ba ta sha ba da muka iso, ta tone na ƙarshen. Gindinsa ya riga ya fara laushi. Ta sa wuƙa tana yankewa kaɗan-kaɗan tana dubawa, har ta kai inda naman ya yi fari ba ɗigon baƙi. Abin da ya rage bai kai tsawon tafin hannu ba. Maimakon ta dasa, sai ta ɗora shi a kan rumfa cikin inuwa ta bar shi nan kwana bakwai, ba ƙasa ba ruwa, wai sai bakin ciwon ya bushe. Ban san inda ta samo wannan ba, ina jin daga yadda ake shanya albasa kafin a adana ne. Rana ta takwas ta ɗauko tsohuwar tukunya ta huda gindinta wuri uku, ta zuba tsakuwar gungu da yashi, ta kafa shi, ta ɗora tukunyar a kan duwatsu a tsakiyar gida inda rana ke dukan wuri tun fitowarta har faɗuwa. Sannan ta kafa doka: ludayi ɗaya ranar Juma'a, kuma ita kaɗai za ta zuba.

Yaƙin da ta yi bayan nan ba da rana ba ne, ba da awaki ba, da mutanen kirki ne. Ka hana abu mai rai ruwa, a garin Gungawa, a gaban idon kowa? Mata suka fara shigowa ganin abin mamaki, su fita suna taɓa baki. Aka ce ganin gungu ya taɓa mata kai. Ni kaina, in na idar da alwala, sai in ji hannuna yana karkata buta wajen tukunyar, sai na tuna takin zamani in janye. Wadda ta kasa haƙuri ita ce Gwaggo Saraya, maƙwabciyarmu, Bakambara ce Kirista, manomiya, wadda tun saukarmu garin ta riƙe Inna kamar ciki ɗaya suka fito. Wata safiya Inna ta fito daga ɗaki ta tarar da ita tsaye kan tukunyar, ƙwarya a kife, ruwa na ɗiga ta ƙasa.

"Ƙawa, ki ji tsoron Allah," in ji Gwaggo Saraya, "abin ga ƙishi ka kashe shi."

"Saraya, shekara nawa ina tausaya mata? Duba inda tausai yak kai ta."

Ashe kwana huɗu ke nan tana zagayowa. Inna ta zare tsiron, ta shanya shi, ta shanya tsakuwar a faifai kamar gero, ta sake dasawa. Da yamma ta saro ƙayar bagaruwa ta yi wa tukunyar shinge har ƙugu. Duk garin an san akuya ba ta cin kariya, saboda haka kowa ya gane wa aka yi wa shingen. Gwaggo Saraya ta yi fushi, ta yi mako biyu ba ta leƙo ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninsu ba. Na ga yadda abin ya ci Inna, tana dafa miyar kifi ta zuba kwanon maƙwabta ta tsaya tana kallonsa. Ta aika da miyar, amma ba ta cire ƙayar ba.

Damina ta sauka, ta riƙa jan tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa in hadari ya yi nauyi, ta maido ta in rana ta fito. Tsiron ya yi ganye shida masu sheƙi, gindinsa ya yi tauri kamar ɗanyen rogo. Da aka gama girbi ganyen ya zube ɗaya bayan ɗaya, ya koma sanda. Masu cewa ai dama sun faɗa suka samu bakin magana. Inna takan je ta matsa gindin da yatsu biyu, ta ji shi da ƙarfi, ta koma kan aikinta. Ni kam na cire rai, ba zan ɓoye ba, har na fara tunanin yadda za a yi da jirgi da rana da tudun can mai nisa.

Sai ga wata safiya a tsakiyar bazara, ina shirin tafiya makaranta, na ji ta kira ni da wata murya ƙasa-ƙasa. Tana tsugune gaban shingen. A kan sandar nan marar ganye ko ɗaya, fure uku sun buɗe, bakinsu ja, cikinsu fari, irin na saman dutse sak. Ban san lokacin da littattafan hannuna suka zube ba. Ita ba ta yi ihu ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Malam, tai mashaya ka kira man kawunka."

Kafin mu dawo, gida ya cika. Tsofaffin matan gungu sun zo, waɗanda rabonsu da furen nan tun suna da ƙarfin tuƙi. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta fara kiran sunayen unguwannin gungu ɗaya-ɗaya da Gunganci tana hawaye. Gwaggo Saraya tana gaba-gaba tana gaya wa kowa cewa ruwanta na kwana huɗu ne ya yi aiki, Inna ta bar ta da wannan. Kawu Bawa ya kutsa ya tsaya, ya cire hula. Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce masa a gaban jama'a:

"Bawa, alkawalin nan da nis sa ka, aje shi. Maido man da hwarin ƙyallena. Ƙasag ga ba ta ƙi mu ba, mu munka so mu maishe ta gulbi."

Ranar ban je makaranta ba, kuma ban yi nadama ba. Da azahar na ga abin da ban taɓa gani ba tun saukarmu: Inna ta sauko da ragar ƙorenta, ta kwance, ta wanke su ɗaya-ɗaya, ita da Gwaggo Saraya suka jere su a ɗaki. Biyu sun tsage saboda daɗewa a ɗaure, ta ce a ɗinke. Na yi farin ciki a rayuwata, ranar aurena da ranar da aka haifa mini ɗan fari, amma farin cikin ranar nan dabam yake, don rannan uwata ta sauka daga jirgi.

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma a cikinsu ta mai da tsakar gidanmu abin zuwa kallo. Dabararta ɗaya ce. Duk shukar da aka kawo mata, kafin ta taɓa ƙwarya sai ta tambaya, "Ina anka same ta?" In an ce fadama, ta san inda za ta kai ta. Albasar kwaɗi, mai farin fure da jan zane, ta kafa ta a bakin rariyar wanka inda ƙasa ba ta bushewa, ta yi ta haihuwa. Lalle ta yi shinge da shi, in ya yi fure ƙamshinsa har zaure. Wani mai ƙaya da ke hawa bango, wanda muke ce wa furen takarda saboda siririn jan furensa, na kawo mata reshensa daga makarantarmu. Ta lura in ya ƙoshi sai ya yi ta ganye ba fure, in an ja masa rai sai ya rufe katanga da ja, ta sa shi layin masu ƙishi. Wata 'yar ciyawa mai buɗewa da hantsi ta rufe da la'asar, ita kuma fasasshen kasko da yashi suka ishe ta. Ba ta karanta ko harafi ba, amma ni da na yi darasin noma a kwaleji wajenta na koyi cewa kowace shuka da irin alherin da take iya ɗauka.

Kariyar kuwa ta yi rassa, ta fara rabawa. Ba ta taɓa sayarwa ba, kuma ba ta bayarwa sai da sharaɗi: ka shanya kwana bakwai, ka huda tukunya, ka wanke hannu bayan ka taɓa ruwanta, ka hana matarka tausayi. Mutanen da suka koma tunga suka riƙa zuwa karɓa, wasu daga karɓar reshe suka dawo suka buɗe gidajensu da suka rufe. Ba na cewa fure ne ya dawo da su, dalilai da yawa ne, amma maganar nan ta ƙasa ba ta karɓe mu ba, daga shekarar ban ƙara jin ta a bakin kowa ba. Reshe mafi kauri ita da Kawu suka kai shi wani tudun duwatsu da ke saman mashayarmu, inda jirage ke tsayawa, suka nemi tsaga suka cusa shi, suka juya suka bar shi ga Allah.

Ta rasu da bazara, kariya na cikin fure, bayan jinyar kwana tara. Aka ɗauko farin yadin daga ƙarƙashin gadonta. Daga gidanmu zuwa makabarta ba ta fi tafiyar minti goma ba, a kafaɗa muka kai ta, jirgin Kawu na ɗaure a mashaya. Bayan kwana uku, muna zaune a zaure, ya ce mini ya yi shekara hamsin yana ɗaukar kaya a ruwa, ba tafiyar da ta yi masa daɗi irin wadda bai yi ba. Shi ma yanzu yana kwance kusa da ita. Gwaggo Saraya tana tasu makabartar a ƙetaren hanya, 'ya'yanta sun dasa kariya a wajen kanta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Furannin roba da ake jerawa a wajen biki, na san za ta shafa ɗaya ta tambaya ina aka same shi, in an ce kanti ta ce to a bar shi can. Baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure da ta mamaye bakin tafki tana hana jirage wucewa, za ta yaba kyanta sannan ta sa a kwashe. Jikokina da ba sa jin Gunganci sai gaisuwa, wannan zai yi mata ciwo, kuma ni za ta ɗora wa laifi, da gaskiyarta. Ɗakinta ya rushe mun sake gini, ƙoren sun ƙare, ko hotonta ba mu da shi. Tukunyar ma saiwa ta fasa ta tuntuni, iccen ya kama ƙasa ya fi ni tsayi. Abin da ya rage nata shi ne wannan iccen, da 'ya'yansa a kusan kowane gida daga nan har Wara, da tambayar nan tata da na yi amfani da ita shekara talatin a aji, duk ranar da aka kawo mini yaron da ya ƙi karatu.

Makon jiya na ce bari in ga abin daga ruwa, yadda kakannina suke gani. Na shiga jirgin inji na wani magidanci da aka haifa bayan rasuwarta, bai san ta ba, bai san gungu ba, ban kuma gaya masa dalilin fitata ba. Muka yi nisa har gaɓa ta zama zare, sannan na ce mu juya. Idona ba ya gani sosai yanzu, tudu da tudu duk ɗaya suke mini, na tambaye shi yaya yake gane mashayarmu cikin wannan faɗin. Ya ɗaga haɓa ya nuna. Can saman duwatsu, inda komai ya ƙone, ga wani ja yana ɗaukar ido.

"Baba, ga gida can," ya ce. "In kag ga jan nan, ka iso."

Ya rage wutar inji, muka nufe shi a hankali. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta a ƙasar da ta karɓe ta.